Ranar da Na Bar Kawu Ya Shiga Kotun Ɓarayi

Ba zan taɓa mantawa da takalman da na gani a bencin kotun nan ba. Ni dama ƙasa nake kallo duk inda na shiga. Wani takalminsa babu igiya, wani ƙafa ɗaya da laka, wata mata kuma silifas ɗin wanka. Tun nan na ƙara tabbatarwa mun yi ɓatan kai.

Kawu Sale, yayan mahaifiyata, ya yi shekaru yana ɗaure kaya a wani kamfani a unguwar Deptford, nan ƙasar Turawa, masu tura firji da rediyo can gida tunda kuɗin man fetur ya zo. Rana ɗaya suka sallame shi, wai ya tsufa. Aka ba shi fom na kai ƙara, aka ce ranar Juma'a ce ta ƙarshe, in ta wuce ba mai saurarensa. Kawu ya ajiye fom a ƙarƙashin katifa sai ranar Juma'ar. Baba ya ɗauke ni daga makaranta in raka shi, don Kawu ajami yake karantawa.

A cikin bas na karanta fom ɗin. A samansa, da manyan baƙaƙe, an rubuta kotun ma'aikata da adireshinta, can tsallaken kogi. Mu kuwa kotun majistare ta unguwarmu muka nufa. Na buɗe baki, na dubi Kawu, na rufe. Yaya za a yi in ce wa yayan uwata ya yi kuskure?

"Kotu ai kotu ce, Malama," in ji shi da muka isa, yana hawan matakala bibbiyu don duniya ta shaida bai tsufa ba. (A sama sai da ya dafa bango.)

Awa uku muka zauna. Kawu har ya yi abota da mai takalmi marar igiya, ya ba shi goro, yana yi masa bayanin zaluncin kamfani. Mutumin ya ce shi keke ya sata.

Da muka isa gaban magatakarda, ya dubi fom ya ce nan ba hurumin wannan ƙarar ba ne, kuma saura awa ɗaya a rufe inda ya kamata mu je. Ya tambaya ko babu wanda ya karanta masa.

Kawu ya nuna ni da alfahari. "Ga ta nan. Ita ce ta ɗaya a ajinsu."

Magatakarda ya ɗora yatsa kan adireshin. "Ba ki ga wannan ba?"

"Na gani."

"Yaushe?"

"Tun a bas."

Sai ɓarawon keke ya fashe da dariya, goro a bakinsa. Kawu ya ce, "Inna lillahi! Kunyata kika ji, ko so kike in mutu ba aiki?"

Gudu muka yi zuwa jirgin ƙasa, babbar rigarsa tana kaɗawa. Wannan karon ni ce a gaba. Mun tarar matar ofishin ta riga ta sa kwat, amma ta karɓa ta buga hatimi.

Ranar na gane ladabina ya kusa cinye wa Kawu haƙƙinsa. Sai dai hali ba ya sakin mutum rana ɗaya. A hanyar gida, ina kallon ƙasa, na ce, "Kawu, don Allah ranar shari'a, kafin mu shiga kowace ƙofa, ka tambaye ni ko nan ne. In ka tambaya zan iya amsawa."