Gaisuwar da Na Aro a Bakin Marigayi

Ranar wata Alhamis bayan la'asar, mu shida daga unguwar Karantina muka je unguwar Aziziyya yin ta'aziyyar Baturen da ke shugabantarmu a gareji. Ni aka zaɓa in yi magana, domin na ce shekara tara ina sauraron Turancinsa, babu abin da ya shige mini duhu.

Kullum da safe "you lot" yake kiranmu. Na ɗauka haka mutanen garinsu ke girmama jama'a, kamar mu ce ranku ya daɗe.

Na gyara hula, na dubi matarsa da 'ya'yanta biyu, na ce, "You lot, sorry."

Matar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, idanunta suka ciko da ƙwalla.

"Haka yake kiranku?" ta tambaya.

"Kullum, madam," na amsa, har da alfahari.

Sai ta roƙe mu mu yafe masa.

A mota Malam Sani direba ya ce, "Halas, ya isa haka, Alhaji. Kalmar raini ce. Na sani tuntuni, nauyinka ya hana ni faɗa."

Yau ko jikokina Baba Yulot suke kirana.