Sulhun da Na Yi a Furfuri

Da En'e ta tura ni karatun aikin gona a Ailan ta Arewa, abin da na fi riƙewa ba noman ba ne, gabar Kiristocin can ce. 'Yan Katolika da sauran ba sa cin abinci tare, ba sa bin layin juna. Na dawo Gusau ina jin ko daga nesa ina gane rikicin aƙida.

Aka aike ni Furfuri, a ƙasar Bunguɗu, rabon irin auduga. Nan na lura da Malam Garba, dattijo mai sakin hannu a sallah, da Sani, wani magidanci mai kama nasa. Da Garba ya ɓullo, sai Sani ya sake hanya. Na ce to, gabar ce, ga ta nan.

Ban tambayi kowa ba. Na tara su gaban mai gari, na yi dogon jawabi, na sa aka kawo tuwo, na ce yau sai sun ci akushi ɗaya. Sani ya sunkuyar da kai, gumi na zuba.

Mai gari ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, surukinai na fa. Ɗiyar Garba ya aura, kunya ce."

Har yau in na je ɗaurin aure a Bunguɗu, sai a ce wa ango, "Maza ɓuya, ga mai sulhu nan tafe da tuwo!"