Jarkar Nomau

Mu uku ne a gidanmu: ni, da jikana Nomau, da wata tsohuwar akuya da ta daina haihuwa. A cikin su biyun, akuyar ce ba ta ba ni wahala. Uwar Nomau ta rasu yana goye, ubansa ya bi ta bayan damina biyu, ni na raine shi. Yanzu shekararsa ashirin da takwas. Ƙato ne, buhun gero yake saɓawa kamar matashin kai, ba ya ƙarya, ba ya zagi. Damuwarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Ni kuwa na tsufa. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, ranar da ta Allah ta kasance a kaina, wa zai ja shi a jiki? Shi ya sa na taka har gidan Jatau, shugaban masu shiga daji ɗibar ƙaro, na roƙe shi ya tafi da Nomau ya koyi sana'a. Jatau ya daɗe yana sosa gemu, sannan ya ce, "Iya, dajin nan ba kasuwa ba ne. Kwana huɗu muke yi, ba gari ba rumfa. Sau ɗaya zan gwada shi. In ya jawo mana wahala, kada ki ƙara zuwa." Na ce na yarda. Saura kwana goma tafiya, muka shiga shiri.

Wata rana na ce masa, "Maigidana," don haka nake tsokanarsa, "ka haɗa kayanka. Abin da kake amfani da shi kullum kawai za ka ɗauka." Na tafi barkar haihuwa. Ina dawowa na tarar da tsakar gida kamar za mu yi ƙaura. Ga gadonsa na kara, ga randa, ga dutsen da yake zama a kai in zai yi alwala, duk ya tamke da igiya. Akuya ma tana ɗaure a jikin kayan tana kuka.

"Nomau, akuyar fa?"

"Kullum nake ba ta dusa, Iya."

"Oh ni! To dutsen fa? A dajin babu duwatsu?"

"Ban sani ba, ban taɓa zuwa ba."

Na duƙa na fara kwance igiya. Gaskiyarsa ce.

Wata rana Jatau ya ga sabon takalmin taya da na samo masa, ya ce, "Sabon takalmi yana cin ƙafa. Ka yi ta tafiya da shi har ya yi laushi." Nomau ya fita da hantsi. Azahar ba shi, la'asar ba shi. Sai ga wani mai amalanke ya kawo mini shi, wai a ƙauye na uku gabanmu ya tsinto shi yana ɗingishi, ƙafa duk ta yi bororo.

"Iya, har yanzu bai yi laushi ba. Kuma ba a ce in juyo ba."

"Takalmin taya ne fa, mara kan gado! Motar da ta yi shekaru tana murza shi a titi ba ta sa ya yi laushi ba, sai kai?"

Kwana uku ina gasa masa ƙafa da ruwan zafi, ina shafa man kaɗe, ina masifa.

Wata rana na duƙa tun safe na haɗa masa guzuri: dakuwa, da ƙuli-ƙuli, da garin rogo, da soyayyiyar gyaɗa, na kwana huɗu cif. Bayana har ya ƙage. Na ƙulle a tsumma na ce, "Ka ajiye inda tururuwa ba za ta kai ba." Bayan azahar na same shi kwance a gindin dalbejiya, ciki kamar ganga, yana nishi.

"Ina guzurin?"

"Na rataye a bango, suka hau. Na ɗora a kan rumbu, suka hau. Sai na tuna ba su taɓa shiga cikina ba."

Na ɗauki muciya, na ɗaga, na dubi fuskarsa, na ajiye. Washegari na sake daka.

Wata rana, ana gobe tafiya, Jatau ya zo duba kaya. Ya jinjina ɗaurin Nomau ya ce, "Ya yi nauyi. Cire abin da ya fi nauyi." Nomau ya kwance wata babbar jarka rawaya da ya cika da ruwa, ya tuntsurar da ruwan a ƙafafunmu, ya mayar da ita fanko ya ɗaure. Jatau ya juyo, ni kawai ya kalla. Wallahi kallon nan ya fi zagi ciwo. Na damƙi kunnen Nomau, sai da ya sunkuyo don ba na kai masa.

"Ka saurare ni da kyau. Jarkar nan ka cika ta har baki, kuma kada ka bari ta ragu ko da kurɓi ɗaya. Ka ji ni?"

"Na ji, Iya."

Jatau ya ce, "Iya, gora ma ta isa. Akwai rijiyar makiyaya a inda muke sauka." Ni raina ya riga ya ɓaci, na ce haka zai tafi da ita. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Wuyansa ne." Da safe suka kama hanya, su biyar.

Rana ta uku da la'asar ina tankaɗe, sai ga Nomau ya yi sallama. Na saki rariya na miƙe, don kwana huɗu aka ce. Leɓensa duk ya tsage, idonsa ya faɗa, ga jarka a kansa. Na taɓa ta, a cike take har baki. Na zauna daɓas a ƙasa.

"Shi ke nan, ka kashe ni. Kwana uku kana ɗauke da ruwa ba ka sha ba? Koro ka suka yi, ko?"

Kafin ya amsa Jatau ya shigo, shi ma a jigace. Ya roƙi ruwa a randa, ya sha moɗa biyu, sannan ya ba ni labari. Yinin farko duka, Nomau da jarka a ka yake bin su yana roƙon ruwa a gorunansu. Suka zage shi har suka gaji, Jatau ya rantse daga wannan tafiya an gama. Da suka isa masauki, goruna sun kusa ƙarewa, sai suka tarar rijiyar ta rufta, yashi ya cike ta. Ba makiyayi ko ɗaya, ba tafki, gida kuma tafiyar yini guda cikin zafin rani.

"Iya, babu abin da ya rage mana sai jarkar jikanki. Shi kuma ya rungume ta ya ce kin hana. Na lallashe shi, na yi masa tsawa, a banza. Sai da mutum uku suka danne shi muka buɗe, yana ihu wai za ki ja masa kunne. Kurɓi-kurɓi muka riƙa raba ta, har muka ɗebi ƙaro rabin yini, muka juyo. Ba don ita ba, da ba ni ne zan kawo miki labarin nan ba."

"To ya na gan ta a cike?"

Nomau ya sunkuyar da kai. "Na tsaya a rijiyar bakin gari na cika. Kada ki gani."

Jatau ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Sati mai zuwa za mu gabas. Ya zo da jarkarsa. Kuma don Allah, Iya, kada ki janye maganar nan taki."

Da ya fita na jawo kan ƙaton nan na ɗora a cinyata, na shafa masa man kaɗe a leɓe, ina ce masa sakarai. Ban janye ba kuwa. Yau shekara biyu, ba sa shiga daji sai da shi. In suna gida, jarkar tana bayan ƙofa, cike har baki. Ranar da randa ta ƙafe, ni da akuya maƙwabta muke zuwa shan ruwa.