Motar da Ba Ta Saba Tsayawa Ba

Ranar Talata da safe na taka birki a gaban kasuwa don wata akuya ta wuce, sai sitiyari ya kama rawa a hannuna kamar rariya, hulata ta faɗo, matata Muhibbat ta yi salati da ƙarfi. Da muka isa gida ta yanke hukunci: "Baban Bilqis, yarinyar nan ba za ta shiga wannan akwatin ranar Asabar ba sai ka gyara shi." Ranar Asabar ɗin ce 'yarmu Bilqis za ta rubuta jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya a wajen Shabu, ƙarfe tara daidai ake rufe ƙofa. Shekara biyu tana jiran wannan rana.

Motar nan, ya ku masu karatu, a gwanjo na saye ta, cikin tsofaffin motocin da iyayengijinmu suka gaji da su. Baƙa ce wuluk, gilashinta mai duhu, har da guntun ƙarfen da ake soka tuta. Tun da na saye ta birkin ke 'yar karkarwa, shi ya sa nake ƙauracewa taka shi in ba dole ba.

Na kai ta wajen Torkula, bakaniken unguwarmu. Bai taɓa sifana ba sai da ya yi mini tambayoyi kamar likita.

"Oga, a hannu kake jin rawan ko a kujera?"

Na ce a hannu.

"In kana gudu ba ka taka birki ba, yana yi?"

Na ce ko kaɗan.

"To ba taya ba ne. Kuma tunda a sitiyari ne, wahala yana gaba. Da a kujera ne, sai mu duba baya."

Ya ɗaga motar da jak, ya girgiza tayar hagu da dama, ya ce ƙafafun lafiya lau. Da ya cire tayar ya ga faifan birki, sai ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Faifan duk tsatsa ta ci shi, wani wuri tudu wani wuri rami. Fad ɗin kuwa, wato abin da ke matse faifan, kusan sabo fil.

"Oga, wannan mota shekara goma sha biyar, amma birkin bai yi aikin wata shida ba. Wa ya tuƙa shi?"

Sai na tuna motar kwamba ce, wato ayarin motocin rakiya, mai bin bayan wani Mai Girma Ranka Ya Daɗe Uban Tafiya. Ina kwamba ta taɓa taka birki a garin nan? Jiniya ce birkinsu. Mai keke ya faɗa kwata, mai doya ta watsar da tirenta, su dai sun wuce, domin al'umma na jiransu a wajen yanka kyalle. Da aka gama da motar aka jefar da ita cikin ciyawa bayan ofis, damina uku tana shan ruwa, ba wanda ya ga ya dace ya rufa mata ko buhu. Allah ya saka wa shugabanninmu, sun bar mana birki sabo gado.

Torkula ya kai faifan biyu wajen mai injin gogewa, aka share su sumul, ya sa sabon fad, ya ce in riƙa takawa a hankali har su saba da juna. Muhibbat da kanta ta shiga muka zaga unguwa. Motar ta tsaya cak, ba ko motsi. Na yi murna, wallahi, har na ji kamar mutumin kirki.

Asabar ƙarfe bakwai da rabi muka fito da Bilqis. A hanyar Shabu akwai shingen masu kaki da na sha wucewa. Da, saboda tsoron karkarwa, ba na rage gudu. Su kuma da sun hango baƙar mota mai duhun gilashi tana tahowa ba alamar tsayawa, sai su janye katako su sara mini. Ranar nan kuwa, ina ji da sabon birkina, na taka, na tsaya a gabansu cikin ladabi, har da sallama.

Babbansu ya leƙo, ya dube ni, ya dubi takalmina. Ya gane nan take: motar da ke tsayawa ba ta manya ba ce.

"Faka. Ina takardar izinin wannan baƙin gilashi?"

Na ce haka na saye ta daga hannun gwamnati. Ya ce to in je in kira gwamnatin. Na roƙe shi ya bar yarinya ta hau mashin, ya ce duk wanda ke cikin motar shaida ne. Bilqis tana riƙe da bironta tana kallon agogo. Muna nan tsaye kwamba biyu suka wuce, har babban nasu ya ajiye takarduna a kan bonet don ya sara musu da kyau.

Tara da kwata muka isa. Ƙofa a rufe, mai gadi ya ce sai baɗi. Bilqis ta yi kuka a hanya, ni ma ban ga hanyar sosai ba.

Jiya Torkula ya tare ni yana tambaya ko birkin na kamawa. Na ce masa yana kamawa ƙwarai, duk wanda ya taka shi sai an kama shi.