Rasuwar Uwar Hayaƙi a Hannun Ɗan'uwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin hannu mai kantar turi, Mai Ƙwai na bakin kasuwa yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsa ta ɗaukar kaya, wadda aka fi sani da Uwar Hayaƙi. Ta cika ranar Talata da hantsi a gangaren bayan gareji, tana da shekara ashirin da shida.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Duk dizal ɗin da aka ɗura mata sha take, ba ta taɓa tambayar asalinsa ba. Shekara goma sha ɗaya tana dakon kiret-kiret na ƙwai a hanya mai ramuka, kuma sau biyu kacal ta yi ɓari. Maƙwabta ba za su manta gaisuwarta ta safe ba: gir-gir-gir, tari uku, sannan duf-duf-duf. Matan layi kuwa sun shaida cewa ba ta taɓa wuce shanyar kowa ba tare da ta bar mata tsaraba ba.

Ciwon ajalinta bai taka kara ya karya ba. Kulochi ne ya fara santsi. Mai Ƙwai ya yi niyyar kai ta wurin Baba Tsoho, bakaniken da ya san ta ciki da bai, sai uwargida ta ce ina amfanin ƙaninta na da gareji a kai wa bare aiki. Don a zauna lafiya a gida, aka miƙa ta ga ƙanin, wanda abokan sana'a ke kira Injiniya, musamman idan yana kusa.

Injiniya ya sauke giya, ya kwance filawil, wato faifan ƙarfen nan na bayan inji mai ɗauke da alamar taimin, wadda da ita ake daidaita bugun inji. Ɗan fegin da ke nuna masa mazauninsa ya faɗi ya ɓace a ƙasa. Injiniya ya ce ai masu ƙera mota sun sa shi ne don marasa ido, ya mayar da faifan yadda ya ga dama, ya ɗaure tamau. Daga nan, don nuna zumunci, ya canza mata bel ɗin taimin da ba wanda ya ce ya taɓa, ya saita shi daidai da alamar da shi da kansa ya karkatar.

Da aka murza makulli, marigayiyar ta ce gur, ƙwat, ta yi shiru. Injiniya ya ɗora laifin a kan batir, aka sake batir. Ya koma kan famfon mai, daga nan injakta, daga ƙarshe ya ce da ma Mai Ƙwai bai iya tuƙi ba. Baba Tsoho ya leƙo, ya sa sifana ya juya injin da hannu, ya ji ya cije. Ya ce a sauke giya a dubi zaman filawil, kada kowa ya matsa mata. Injiniya ya ce tsufa ne ke damunsa, mota turi take so.

Mai Ƙwai ya san gaskiya na wurin tsohon. Amma ya tuna fuskar da zai tarar a gida, ya tuɓe riga ya kama turi da hannunsa. A tsakiyar gangare Injiniya, da ke riƙe da sitiyari, ya saki kulochi. Can cikin inji fistin ya gamu da bawul, gamuwar da ba a taɓa shirya musu ba. Kalmarta ta ƙarshe ita ce ƙwaras.

Da Baba Tsoho ya buɗe gawar, ya tarar an goce da filawil rami guda cur. Injiniya ya duba, ya girgiza kai, ya ce da ma kwananta ya ƙare.

Ta bar tayoyi huɗu da safaya ɗaya mai faci tara, da jak ɗin aro, da miji da mata da yanzu sai yara ke kai saƙo tsakaninsu, da noti bakwai da suka yi saura bayan aiki, waɗanda har yau ba a san danginsu ba.

Za a raka ta wurin 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, ranar Asabar da ƙarfe tara na safe. Ana roƙon masu rakiya su zo da ƙarfinsu, domin marigayiyar ba ta da mai ja. Mai Ƙwai zai karɓi gaisuwa a bakin titi, inda yake tsayuwa da kiret a ka yana jiran motar haya. Injiniya ya yi alkawarin zuwa ranar Lahadi ya duba janareton gidan kyauta, a matsayin ta'aziyyarsa. Iyali na roƙon jama'a da su sa janareton a addu'a.