Na'urar Auna Nukiliya ta Injiniya Tanimu

Wallahi ko na dafa Alƙur'ani ba za ku yarda ba, amma ni Tanimu, da na bar makaranta a aji biyu, na sa unguwarmu kaf ta jiƙa gidajenta sharkaf!

Wasu malaman jami'a ne suka zo gonar kawuna suna caka wani ƙarfe a ƙasa. Na matsa na kasa kunne. Babbansu ya ce damshin ƙasa suke aunawa, wai in bam ɗin nukiliya ya fashe, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya danne tururin gubarsa. Na ce a raina, Tanimu, abinci ya samu.

Na ɗauko tsohuwar rediyon kakana, na naɗe ta da baƙin tsumma, na ɗaura mata sipok ɗin keke. Na isa teburin mai shayi ina huci.

"Jama'a, nukiliya na tafe! Duk gidan da ƙasarsa ta bushe, sai dai addu'a."

Nan take na zama Injiniya. In shiga gida, in caka sipok, in murɗa a ɓoye, rediyo ta ce ƙiiiii! Sai salati. A tuttule randa a tsakar gida, in kashe abina, in ce, "Ta kwanta." Ladan aiki kuwa, nan fura, can ƙafar kaza. Har tumbi na fara ajiyewa.

Saura gidan Gwaggo Delu mai ƙosai, wadda ko gaisuwa sai ta bincika. Mata da yara suka biyo ni ɗuuu.

Ta ce, "Kai ɗan nan, ruwan nan daga rijiyar bayan gari na ɗebo shi. Auna da tsoron Allah."

Na caka, na murɗa. Ƙiiiii! Na dafe ƙirji.

"Gwaggo, taki ta fi ta kowa! Juye randunan duka!"

Ta juye. Garin in kashe, yatsana ya zame, sai na'ura ta gyara murya:

"Ana gayyatar 'yan uwa da abokan arziki ɗaurin auren..."

Na ce, "To... ai nukiliyar waje ce, ta iya Hausa."

Gwaggo ta fizge tsumman, ga rediyo tsirara. Ta ɗauko guga ta rataya mini a wuya.

"Injiniya, duk randar da ka zubar a unguwar nan sai ka cika ta. Fara da nawa. Rediyon kuma bar mini ita, in ji auren wa za a ɗaura."