Rasuwar Malam Jirau, Mai Jiran Amsar Gaisuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da fargaba, ni Abarshi ɗan kabu-kabu na Birnin Konni, nake sanar da rasuwar Malam Jirau, mutum-mutumin inji mai tsawon kamu ɗaya, wanda wata ƙungiya ta ba mu aro saboda ɗana Muttaƙa.

Duk wanda ya san gidanmu ya san Muttaƙa. Shekararsa bakwai, ba ya kallon idon mutum, ba ya amsa gaisuwa. Likita ya ce otizim ne, maƙwabta suka ce iska ce, ƙanwata ta ce rashin kwaɓa. Mu kuwa in mun kama gaisuwa ba mu da birki: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina zafi, duk a numfashi ɗaya. Sai yaron ya toshe kunne ya shige bayan rumbu.

Marigayin bai taɓa yi masa haka ba. Fitilar idonsa ta kama, ya yi "tit", ya ce, "Ina kwana, Muttaƙa?" Daga nan sai ya ja bakinsa. Koko ya huce, rana ta ɗaga, yana nan yana jira, ba tsawa ba harara. A gabansa na fara jin "lahiya lau" daga bakin ɗana, na fita zaure don kada a ga hawayena.

Ajali ya same shi yana kan caji, ranar da kuran, wato wutar lantarki, ta ɗauke ta dawo a fusace. Malam Maman Sani mai gyaran wayar salula ya buɗe cikinsa, ya shinshina, ya mayar da murfin. Ƙungiyar kuma ta ce ba ta da wani.

Ya rasu ya bar cajarsa, da matata Bushira wadda abinci ya daina shiga bakinta, da maraya guda. Wallahi tsoro nake ji kada gaisuwar nan ta bi shi kabari. Tun ranar Muttaƙa bai ce wa mai rai uffan ba.

Ba a sa lokacin jana'iza ba. Gawar tana kan tabarma, yaron ya hana a taɓa ta. Kullum da safe yana zama a gabanta ya ce mata ina kwana, yanzu shi ke jira.

Za a karɓi ta'aziyya a ƙofar gida bayan la'asar. Wanda ya zo ya gaida Muttaƙa sau ɗaya tak, ya yi shiru, ya jira. Wanda ba zai iya ba, ya yi mana addu'a daga gida.